Daga Haɗejiya Zuwa Kano a Kan Keke: Yadda Kulob Zai Shirya Tafiyar Kwana 5 a Bakin Kogi

Karon farko da kulob ɗinmu ya yi niyyar bin Kogin Haɗejiya a kan keke, daga Kano muka tashi muka nufi gabas, cikin watan Janairu. A lissafinmu, tunda ruwa gangara yake yi, mu ma mu bi shi mu gangara. Kafin mu kai Ringim kowa ya gane mun tafka kuskure. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, mu kuma can muka sa gaba. Kana taka feda kamar mai tura bango, leɓe ya tsage, ido ya cika da ƙura. Gangaren da muka dogara da shi kuwa, bambancin tudu tsakanin Kano da Haɗejiya mita 100 ne da ɗoriya, a tafiyar da ta kai kilomita 200. Ƙafa ba ta ma san da shi ba.

Saboda haka shawarata ta farko ga duk kulob ɗin da ke sha'awar wannan tafiya ita ce ku juya ta. Ku ɗora kekunanku a mota zuwa Haɗejiya, ku kwana can, sannan ku hau ku dawo gida iska na tura ku ta baya. Akwai wata riba kuma: wanda ya gaji a rana ta 4 ya san gida yake matsawa, ba nisa yake ƙarawa ba.

Zaɓen lokaci

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Fabrairu, nan ne damarku. Damina ba ta tafiyar bakin kogi ba ce, don a Agusta da Satumba ruwa kan shafe hanyoyin fadama gaba ɗaya, kuma wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 a yankin Ringim, Auyo da Haɗejiya ba ya buƙatar ƙarin bayani. Ko a Oktoba laka ba ta gama bushewa ba. Daga Maris kuma zafi ya kama, rana na haura digiri 40, babu mai hankalin da zai tara mutane ya kai su tsakiyar rairayi a wannan yanayi. Ku duba kalandar Musulunci ma, don a 'yan shekarun nan azumi yana ta matsowa cikin hunturu.

Kada ku ɗauka tunda rani ne kogin ya ƙafe. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, ruwan da ke bi ta Wudil ya zama na saki: hukumar raya kogunan Haɗejiya da Jama'are ce ke buɗewa da rufewa gwargwadon buƙatar noman rani. Wurin da aka tsallake da ƙafa wancan mako yana iya kai wa ƙirji a wannan makon.

Raba hanya

Kogin Kano da na Challawa ne suke haɗuwa kudu da birnin Kano, su bi ta ƙarƙashin gadar Wudil, su shiga Jigawa ta wajen Ringim, su wuce Auyo da Haɗejiya, daga nan ruwan ya bazu a dausayin Haɗejiya da Nguru. A miƙe, tsakanin Haɗejiya da Ringim kimanin kilomita 100 ne, Ringim zuwa Wudil kimanin 50, Wudil zuwa Kano kimanin 40. Amma kogi ba ya tafiya a miƙe, ku ma ba za ku yi ba. Ku ƙara aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a kan kowane lissafi.

Mu ga yadda muke raba ta. Ranar farko ba ta nisa ba ce: a fita daga Haɗejiya a nufi wajen Baturiya, a dawo a sake kwana a Haɗejiya. Dausayin Baturiya yana ƙaramar hukumar Kirikasamma, an sa shi cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci a 2008, kuma a daidai wannan lokaci na shekara tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai suna nan birjik. Amfanin wannan rana shi ne duk keken da zai ba da matsala ya ba da ita kuna kusa da gari, duk wanda sirdi zai dame shi a gane tun da wuri. Rana ta 2 da ta 3 a raba tsakanin Haɗejiya da Ringim gida biyu, a bi ta Auyo, a kwana a yankin Miga ko Jahun gwargwadon inda aka samu masauki. Rana ta 4 Ringim zuwa Wudil. Rana ta 5 a shiga Kano.

Kilomita 50 zuwa 65 a yini, wani zai ce ai wannan yawon safiyar Lahadi ne. A kwalta haka ne, don ayari yana iya yin kilomita 18 ko 20 a awa. A jar ƙasa sai ya dawo 12 ko 14. A rairayi kuwa sauka ake yi a tura, kuma awa guda tana iya ƙarewa ba ku ci kilomita 5 ba. Babu wata hanya guda da aka shimfiɗa wa masu keke a bakin wannan kogi. Abin da ke akwai shi ne hanyar manoma, turbar masunta, gefen magudanar noman rani, burtali, sai kwalta a inda duk waɗannan suka yanke. Aikinku shi ne ɗinke su.

Leƙen hanya da gaisuwa

Wannan mataki shi ne tafiyar, sauran duk cikon aiki ne. Mako 2 ko 3 kafin ranar tashi, mutum biyu daga cikinku su ɗauki babur su bi hanyar tun daga farko har ƙarshe. Kada ku dogara da hoton tauraron ɗan'adam da ke taswirar waya. Ba ku san a wane wata aka ɗauke shi ba, kuma ambaliyar kowace shekara tana sauya mashigai. Ga kuma kacala, ciyawar nan da ta addabi yankin, tana toshe hanyar ruwa ta karkatar da shi cikin gonaki, inda bara turba ce bana ka tarar da tabki. Masu leƙen su kunna manhajar da ke zana hanyar da aka bi, su adana taswirar a waya yadda za ta buɗe ko babu sabis, su kuma rubuta a takarda: ina ake fito, ina rijiyar burtsatse, ina mai faci, ina asibiti mafi kusa, ina mota za ta iya shigowa.

Rabin aikinsu kuwa gaisuwa ce. Bakin kogi ba daji ba ne, kowane taku gonar wani ce, mashayar wani ce, ko wurin kamun kifin wani. Hanyar ta ratsa masarautar Haɗejiya, ta taɓa ta Dutse a Miga da Jahun, ta shiga ta Ringim, kafin ta dawo jihar Kano. Ku rubuta takarda da sunan kulob, mai ɗauke da ranaku, yawan mutane, da lambar shugaban tafiya. A kai wa hakimin kowace gunduma da za a kwana, a kai ofishin 'yan sanda na yankin. Daga wurin hakimi sai a gangara wa dagaci, sannan mai unguwa, wanda a ƙasar Haɗejiya za ku ji ana kira bulama. Inda akwai fito, a nemi sarkin ruwa.

Na tuna wani dagaci da muka tarar a ƙofar gidansa bayan la'asar. Muka cire takalma, muka durƙusa.

"Allah ya ja da ran Dagaci, baƙi ne daga Kano. Muna neman izini za mu ratsa ƙasarka da kekuna, mu 14, nan da mako 2."

Ya dube mu, ya dubi takardar. "Kekuna? Har Kano? Me aka sa wa wanda ya zo na ɗaya?"

"Ranka ya daɗe, ba a sa komai ba. Motsa jiki ne da ganin ƙasa."

Ya yi shiru, sannan ya fito da abin da ke ransa: "Ba dai awon filaye za ku yi ba?"

Wannan tambaya ku riƙe ta da kyau. Mutum 14 da hular kwano da baƙin tabarau, kowa na ɗaga waya yana ɗaukar hoton gonaki, idan ba a san da zuwansu ba, abin da manomi zai fara kawowa a ransa ke nan: gwamnati ko wani mai kuɗi ya turo a auna fadamarsa. Da dagacin nan ya gamsu, shi da kansa ya haɗa mu da ɗansa ya raka mu a babur, ya nuna mana wata turba ta cikin goruba da ta rage mana rairayin da sai mun yi awa guda muna turawa. Goro da ɗan abin gaisuwa su kasance cikin kasafinku.

A wurin waɗannan shugabanni ne kuma za ku ji labarin tsaro na gaskiya, na wannan makon. A yankin dausayi akan samu saɓani tsakanin manoma da makiyaya lokacin girbi. Idan bulama ya ce kada ku bi ta wuri kaza, kada ku tsaya neman dalili, ku canza hanya.

Waɗanda za su je

Mutum 8 zuwa 15 ya isa. Idan an haura haka, fito ɗaya zai cinye muku rabin safiya, kuma ƙauye ɗaya ba zai iya ciyar da ku ba. Ku sa sharaɗi tun farko, ba sani ba sabo: duk mai son zuwa sai ya yi gwajin kwana 2 a jere, kilomita 60 ranar Asabar, 60 ranar Lahadi, rabi a hanyar ƙasa, a kan keken da zai tafi da shi. Ranar farko kowa jarumi ne. Safiyar Lahadi, lokacin da mazaunai suka taɓa sirdi, ita ce take bayyana gaskiya.

A raba aiki. Shugaban tafiya, wanda idan ya ce a tsaya an tsaya. Jagora a gaba, cikin waɗanda suka yi leƙen hanya, kuma babu mai wuce shi. Mai kora a baya, wanda ba ya barin kowa a bayansa. Wannan aikin na mai ƙarfi ne mai haƙuri, ba na wanda ya fi kowa rauni ba, kuma gara ya kasance shi ne ya fi iya gyara. Sai ma'aji, sai mai kula da akwatin magani. Idan akwai mata a kulob ɗin, tun wajen leƙen hanya a yi maganar masaukinsu, yawanci cikin gidan mai gari ake saukar da su.

Kuɗi kuwa a tara su kafin a tashi, a hannun ma'aji: hayar motar da za ta kai kekuna Haɗejiya, man motar rakiya, abinci, masauki, kuɗin fito, gaisuwa, a ɗora kashi ɗaya cikin biyar na ko-ta-kwana. Ku riƙe tsabar kuɗi, ƙananan canji musamman. Mai fito da mai fura ba su san tiransifa ba, kuma mai POS sai a manyan garuruwa.

Motar rakiya, a-kori-kura ta wadatar. Ita ke ɗaukar jakunkuna, jarkokin ruwa, tabarmi da wanda ya gaza. Ba za ta iya bin ku bakin kogi ba, don haka a tsayar da wurare 2 ko 3 a kowane yini inda za a haɗu. Idan da hali, babur ɗaya ya bi ayarin a baya.

Keke da ƙaya

Keken tsere mai siririyar taya ku bar shi a gida. Ana son taya mai faɗi, inci 2 ko sama da haka, da giya mai sauƙi. Kada ku raina tsohon Phoenix da za ku ga dattijo ya ɗora masa buhun albasa yana wuce ku cikin rairayi, shi ya san ƙasarsa. Mako guda kafin tafiya kowa ya kai kekensa wurin mai gyara: birki, sarƙa, boris, wayoyin ƙafa. Kada a sa sabon sirdi ana gobe tafiya, wanda jiki ya saba da shi ya fi.

Babban abokin gabarku ƙaya ce. Tsidau a gefen gonaki, ƙayar aduwa da ta bagaruwa a gindin bishiyoyin da za ku so hutawa, da reshen ƙaya da manoma ke shinge da shi iska ta jawo shi kan hanya. A tafiyarmu ta biyu, a yini ɗaya sai da muka yi faci sau 11. Kowane mutum ya riƙe tub 2 daidai da tayarsa, ayari kuma ya riƙe famfo 3, faci da sholisho mai yawa, sifana, abin yanke sarƙa, wayar birki, da taya guda ta ajiya. Mai facin ƙauye gwani ne, amma kayan da ke akwatinsa na kekunan yankinsa ne. Idan tayarka lamba 29 ce, ko bawul ɗinka siririn nan ne irin na kekunan Turai, ba lallai ka samu tub ba, famfonsa ma ba zai kama ba.

Kowa ya koyi faci da hannunsa kafin ranar. Ka cire ƙafar, ka zare tub, ka ɗan hura shi, ka tsoma a ruwa ka ga inda kumfa ke tashi. Ka share wurin ya bushe, ka goge shi da samfefa, ka shafa sholisho kaɗan, sannan ka jira. A nan mutane ke ɓata aiki, don garaje: sai sholisho ya sha iska ya daina sheƙi kafin a manna faci a danne sosai. Kafin ka mayar da tub, ka zagaya cikin tayar da yatsa a hankali har ka ji tsinin ƙayar ka cire ta. Wanda ya manta wannan, ko mita 200 ba zai yi ba zai sake sauka. A hanya dai tub ake canzawa a wuce, facin a bari sai an sauka masauki.

Ƙurar hunturu tana cin sarƙa. Kowace yamma a goge ta da tsumma, a ɗiga mai kaɗan, a sake gogewa. Baƙin mai da yawa ƙasa yake tarawa ya zama kamar samfefa.

Guzuri

Da asuba sanyi na iya sauka ƙasa da digiri 15, da azahar ya haura 30, don haka rigar sanyi mai sauƙin cirewa, da bargo na dare. Hular kwano dole ce. Tabarau, takunkumi ko rawani saboda ƙura, man kaɗanya na leɓe da tsakanin cinyoyi, tocila, gidan sauro, batirin cajin waya, takalmin da za a iya tura keke da shi cikin laka.

Ruwa shi ne inda hunturu ke yaudara. Gumi yana bushewa kafin ka gan shi, sai ka ɗauka ba ka yi ba. Ku lissafa lita 4 zuwa 5 ga kowane mutum a yini, a riƙa kurɓa ba sai an ji ƙishi ba. Ruwan kogi ba na sha ba ne. Idan ruwan leda kuka saya, ledar ta koma jaka, don shanun mutane na haɗiye ta. Wanda ya fara jin jiri ko ciwon kai a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Abinci ba ya wahala a wannan hanya. Koko da ƙosai ko shayi da burodi da safe, dabino, gyaɗa da ƙuli-ƙuli a aljihu, fura da nono da rana, kankana da rake daga hannun masu gona. Kifin Haɗejiya kuwa ba a ba da labarinsa, kasuwar kifinta sananniya ce a duk Arewa. Ku ci ku more a daren farko, amma ban da tsarabar banda, kwana 5 a jaka cikin rana ba za ku ji daɗin juna ba. Abincin dare a ƙauye a yi maganarsa tun wajen leƙen hanya, a ba da kuɗin cefane, kada mutum 14 su faɗo wa gida ɗaya bayan magariba.

Yadda yini ke tafiya

A yi sallar asuba, a karya, a ɗora kaya a mota. Gari na wayewa sosai bayan ƙarfe 6:30, ƙarfe 7 ta same ku a kan sirdi. Kafin a tashi shugaba ya yi bayanin minti 5: ina za a, ina za a haɗu da mota, ina wurin wahala. A yi addu'a, a ƙirga kai. Kashi biyu cikin uku na tafiyar yini a cinye shi kafin azahar. A huta daga ƙarfe 12:30 zuwa 3, a ƙarasa sauran, a sauka kafin ƙarfe 5, don rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6 kuma ba a tafiyar dare ko kaɗan. Tafiyar ta wuce nisan ƙasaru, wanda a mazhabar Malikiyya mil 48 ne, kimanin kilomita 80, sai ku tambayi malaminku hukuncin ƙasaru da haɗa salloli tun kuna gida, kada a tsaya musu a gindin bishiya.

A siririyar turba layi ɗaya ake yi, tsakanin kowane keke da na gabansa tsawon keke 2 ko 3. Na gaba ya ga rami, ƙaya ko tiyon ban ruwa ya faɗa da ƙarfi, na bayansa ya miƙa maganar har ta kai ga mai kora. A kowace mararraba, wanda ke bin jagora ya tsaya yana nuna hanya har mai kora ya iso. Wannan ƙa'ida ɗaya ta fi kiran waya sau goma, tunda sabis yana ɗaukewa a wurare da yawa. Saurin ayari kuwa na mafi rauni ne. Matasan da jininsu ke tafasa a ba su aikin ɗaukar famfo da kayan gyara, ko a sa su kora.

Idan kun shiga rairayi, ku rage iskar taya kaɗan, ku sa giya mai sauƙi, ku mayar da nauyi baya, kada ku ƙanƙame kan keken. Ya fi ƙarfinku, ku sauka ku tura, ba abin kunya ba ne. Wajen Auyo, inda aikin noman rani na kwarin Haɗejiya yake, gefen magudanan ruwa yana da daɗin tafiya, shimfiɗaɗɗe, shinkafa da alkama kore shar hagu da dama. Amma hanyar masu aiki ce. Tiyon da manomi ya shimfiɗa daga injinsa zuwa gona, a sauka a ɗaga keke a tsallake shi. Kada a taka kunya, kada a tsinki tumatir ko ɗaya, kada a ɗauki hoton mutum, balle matan da ke wanki a bakin ruwa, sai da izini. Sallama da "sannunku da aiki" ba sa cin ko sisi. Kun haɗu da garke a burtali, ku tsaya gefe ɗaya, ban da ƙararrawa, ku bari makiyayi ya wuce da dabbobinsa. Karnukan ruga kuma gudu ne ke zuga su: a sauka, a sa keke tsakani, a jira mai su.

Fito shi ne wuri mafi haɗari a duk tafiyar, ya fi kwalta. Yawancin kifewar kwalekwale da ake ji a ƙasar nan lodi ne ke jawo shi. Ku yi ciniki kafin a shiga, kuma ku biya kuɗin sawu da yawa maimakon a cusa ku a sawu ɗaya. Idan mai fito ya ce, "Alhaji, ku shigo duka, zai ɗauka," ku ce masa, "Baba, mun gode, a yi mana sawu uku, za mu biya." Kekuna a kwantar da su a tsakiya, mutane su zauna, babu mai miƙewa ɗaukar hoto. A cire jakar baya da takalmi mai nauyi. Kulob ya sayi rigunan hana nutsewa ko da 4 ne, a riƙa mayar da su kowane sawu, waɗanda ba su iya iyo ba su fara sawa.

Wanka a kogi, duk yadda zafi ya kai, ku haƙura. Ruwan da ke kwance cikin ciyawa shi ne gidan dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya, kuma ta fata take shiga. Wanda ya ga jini a fitsarinsa makonni bayan an dawo ya je asibiti ya faɗi inda ya je.

Masauki

A Haɗejiya, Ringim da Wudil akwai gidajen saukar baƙi, a kama ɗaki tun da wuri. Daren tsakiya ne sai an roƙi arziki: ajin makarantar firamare ko zauren mai gari. A ɗaura gidan sauro ko da ana sanyi, don bakin ruwa ba ya rabuwa da sauro. Kekuna a shigar da su ciki a sarƙe su wuri ɗaya. Mai fita da dare ya riƙe tocila ya sa takalmi, da safe a zazzage takalma saboda kunama. Idan tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana shi motsi, a sa shi a mota zuwa babban asibiti. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, amma lambar direbanku da ta dagaci su za su fi saurin amfani. Da safe a share wurin da aka kwana, a je a yi wa mai gari sallama da godiya kafin a hau.

Idan kun samu sarari a yammacin da kuka isa Haɗejiya, ku zagaya cikin gari a ƙafa ku ga fadar sarki da ragowar ganuwa. A nan ne Sarki Muhammadu ya yi shahada a 1906 yana yaƙar sojojin Ingila, kuma Haɗejiyawa ba sa gajiya da ba da wannan labari ga baƙon da ya tambaya.

Shiga Kano

Ku tsara kwanakinku yadda ba za ku kwana Wudil daren Juma'a ko ku tashi daga can ranar Juma'a ba. Ranar ce kasuwar Wudil ke ci, tireloli da motocin shanu sun cika gada da titi. Haka ma ku tambayi ranar kasuwar Gujungu kafin ku ratsa ta wajen.

Daga Wudil zaɓi biyu ne. Ko ku bi titin Maiduguri kai tsaye ku shigo ta Mariri da Hotoro, ko ku ci gaba da bin ruwa ta hanyoyin ƙauye har ku ɓullo gadar Tamburawa a titin Zariya. Ta biyun ta fi tsawo amma ta fi kwanciyar hankali, ni ita nake zaɓa. Kowacce kuka bi, kilomita 10 na ƙarshe su suka fi buƙatar nutsuwa: an gaji, an ƙosa a ga gida, ga 'yan adaidaita sahu da manyan motoci bayan kwana 4 ba ku ji hon ba. A koma layi ɗaya a gefen dama, motar rakiya ta dawo bayan mai kora ta kunna fitilun gargaɗi, kuma kada kowa ya ɓalle ya nufi unguwarsu. A ƙarasa tare zuwa inda aka yi alkawari, a ƙirga kai na ƙarshe, ma'aji ya karanta abin da aka kashe da abin da ya rage a gaban kowa. Washegari shugaban tafiya ya ɗauki waya ya kira hakimai da dagatan da suka sauke ku ɗaya bayan ɗaya, ya ce musu an iso lafiya.